Takalman Matar Sama

Matar sama ta yanke maɗaurin takalminta da reza, ta sa shi a bokiti, ta zuro mini ta taga.

Ba zargi nake yi ba. Shekara arba'in da shida ina gyaran takalma. Wanda ya tsinke don kansa, bakinsa buzu-buzu yake kamar tsohuwar tsintsiya. Wanda aka yanka, bakinsa sumul. Wannan sumul ne. Har ta goga wurin a jikin bango don ya yi kamar ya tsufa. Aikin banza ta yi, amma na ga ƙoƙari.

Ku masu karatu kun ce in ci gaba, ga shi na ci gaba. Akwai wanda ya rubuto cewa tsoho kamata ba shi da labarin soyayya. Ban ce soyayya ba ce. Labarin takalmi nake ba ku.

Muna zaune a wani dogon gida mai hawa huɗu. Ƙungiyar agaji ce ta zuba mu a ciki, mu da yaƙi ya koro. Ni da Auta, 'yata, da mijinta muna hawa na biyu, ɗaki biyu. Ɗaya nasu, ɗaya nawa. Sai dai nawa shi ne falo, shi ne wurin cin abinci, shi ne wurin shanya in ana ruwa. Da rana katifata tana jingine da bango. Akwatin aikina yana ƙarƙashin taga. Shi kaɗai na fito da shi daga gida: basilla uku, guduma, zare, gam, da ƙarfen da nake kifa takalmi a kai. Wasu kuwa takardun gona suka ɗauko. Har yau ban ga wanda ya noma takarda ba.

Kafin annoba ina zama a bakin ƙofar gidan, aiki yana zuwa. Sai aka sa dokar kulle. Rediyo ya yi ta bayani a kan wanke hannu da takunkumi, amma akwai abin da bai faɗa ba: in mutane suka daina tafiya, takalmi ya daina lalacewa. Wata biyu ban riƙe basilla ba. Na gyara na Auta, alhali ba abin da ya same shi. Na gyara na surukina sau biyu, har ya fara shiga banɗaki da shi a hammata.

Surukin nan direba ne. Mota ta tsaya, sai ya koma tsalle a tsakiyar falona yana bin wani mutum a waya. Wai motsa jiki. Ina shan shayi ina kallon ƙato mai gemu yana gudu a wuri ɗaya, ba wanda ya biyo shi. Mu da muka yi gudu na gaske.

Duk Talata wata yarinya daga ƙungiyar take kiran kowa a waya. Mai Tambaya muke ce mata. Kana barci? Kana cin abinci? Kana da abokin hira? Kana jin labarin gida? A ƙarshe sai ta ce, daga ɗaya zuwa goma, nawa za ka ba jin daɗin rayuwarka?

Goma nake cewa. Ranar da haƙorina ya kumbura, goma. Ranar da labari ya zo cewa rumfata ta can gida ta ƙone, goma. Ba na kai kuka wurin yarinyar da na girmi ubanta.

Auta ta ce, “Baba, jiya fa ka yini kana kallon bango.”

Na ce bangon ma lafiyarsa ƙalau.

Matar sama tana hawa na uku, daidai saman ɗakina, ita kaɗai. Mijinta ya rasu a hanya. Tagarta a buɗe take kullum, muryarta kuma ba ta buƙatar waya. Ita biyu take cewa, duk Talata. Daga nan sai ta kwashe minti arba'in tana bayanin biyun: gwiwarta, shinkafar da ake rabawa, tantabarun da ke ɓata mata shanya, maƙwabciyar da ke jan kujera. Na lura ranar Talata ce kawai take dariya. Ta taga ta ji goman da nake cewa, ta sa mini suna Mai Goma. Ban amsa ba. Ban kuma hana ba.

Bokitin ya fara saukowa a mako na goma na kulle. Ruwan ɗorawa ne, igiyarsa ta shanya ce. In na gama sai in sa takalmin ciki, in ja igiya sau biyu, ya hau. Washegari wani ya sauko. Wani lokaci da burodi a gefe. Wani lokaci da shayi a kwalba, an naɗe ta da tsumma don kada ya huce.

Takalmanta kala shida ne. Silifa shuɗiya ta roba. Baƙi mai rufi. Ruwan ƙasa mai maɗauri biyu. Fari na zuwa asibiti. Wani na mijinta da take sawa in ana sanyi. Sai wani ja mai tsini, wanda ban san inda mace mai ciwon gwiwa za ta je da shi ba.

Hannunta ya yi ta faɗawa a ɓarna. Ta bar reza, ta koma zare ƙusar dunduniya da cokali mai yatsu. Wata rana ta kara tafin takalmi a bakin buta har tururi ya narkar da gam. Wannan dabara ce ta masu sana'a. Na ɗaga shi a haske na daɗe ina kallo.

Ban taɓa ce mata na gane ba. In na faɗa za ta ji kunya ta daina. Ba don kaina ba ne. Aiki nake ji.

Auta ce ta ba ta lambata, ba da izinina ba. Sai saƙon murya ya fara shigowa.

“Mai Goma, ɗinkin nan naka ya yi ƙarfi da yawa. Na sha wuya kafin in... kafin in sa shi.”

Na rubuta mata: To.

“Mai Goma, tantabarun nan sun dawo. Kai ba sa damunka ne, ko su ma tsoronka suke ji?”

Na rubuta: To.

Sau ɗaya ta aiko da burodi mai zafi, na rubuta: Madalla. Auta ta leƙa wayar, ta dafe ƙirji, ta ce Baba ka yi a hankali, irin wannan zafin kalami a shekarunka. Na ce ta je ta duba tukunyarta.

Wata Talata, Mai Tambaya ta kira matar sama. Ina ƙarƙashin taga ina ja wa baƙin takalmin zare. Na ji ta ce biyu kamar kullum, ta gyara murya za ta fara maganar gwiwa, sai ta yi shiru. Sai na ji “to.” Sai na ji “Litinin.” Sai aka rufe tagar da ba a taɓa rufewa ba.

Auta ta kira matar sama, ta samo labarin. Ofis ya zauna ya duba lambobi. Duk tsohon da ke zaune shi kaɗai, kuma bai taɓa wuce uku ba, za a kai shi wani gida a wani gari. Akwai masu jinya, akwai lambu, akwai abokan hira. Mota za ta zo Litinin da safe. Mutanen kirki ne, taimako suke so su yi. Ba wanda ya gaya musu cewa biyun nan ita ce tikitinta na hirar minti arba'in.

Da rana Auta da mijinta suka zaunar da ni a kan katifata. Auta ta ce takardar ta ce masu zama su kaɗai. In ba ita kaɗai ba ce, ba ta cikin lissafi. Ta ce shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyarta, kuma ba a taɓa jin na tanka wa wata mace ko da tari ba sai wannan. Surukina ya ce ya bincika, yanzu har ta waya ana ɗaura aure, shi zai riƙe wayar.

Na ce na san abin da yake so. In na koma sama, falo ya zama filin tsallensa. Ya rantse ba haka ba ne. Yana rantsuwar yana auna faɗin ɗakin da ido.

Na ce su ba ni wuri, akwai hanya mai sauƙi. Na kira Mai Tambaya da kaina. Ban taɓa kiranta ba, har ta tsorata.

Na ce, “Ina da goma. Ki ɗebi huɗu ki ƙara wa matar sama. Ita shida, ni shida.”

Na ji kamar ta toshe baki da hannu. Ta ce ba a raba shi haka, kowa nasa yake faɗa da bakinsa. Na ce abin nawa ne, ina da ikon in ba wanda na ga dama. Ta ce to ke nan yanzu shida za ta rubuta mini? Na ce a'a, in ba za a kai mata ba a bar mini kayana. Ta ce abu biyu ne kawai za su tsayar da motar: ko matar ta canja lambarta, ko zamanta ya canja. Na kashe waya.

Ranar Asabar bayan la'asar suka shirya ni. Auta ta goge babbar rigata shuɗiya, wadda na zo da ita a naɗe da guduma. Ta kawo hular da asu ya ci bayanta, ta juya wurin cin zuwa ƙeya. Surukina ya ɗauko turarensa ya fesa mini a riga, a hula, sannan ya fesa a cikin takunkumi. Ban ga lokacin da ya yi na ƙarshen ba.

Matakala goma sha tara ce. A ta bakwai atishawa ta kama ni. Ku da kuka ga wancan lokaci kun san abin da atishawa take nufi. Ƙofofi uku na ji an rufe da sakata. Wata mata ta janye tabarmar ƙofarta ciki.

Na ƙwanƙwasa, na ja baya taku huɗu kamar yadda doka ta ce. Ta buɗe. Zane kore, mayafi fari, takunkumi mai furanni. A ƙafarta silifar da na ɗinke sau uku. A bayanta na hango jaka biyu an ɗaure, labule an sauke, bokitin yana kife a kan kujera.

Na gaishe ta, ta amsa. Na ce ta kira yarinyar nan ta ce takwas.

Ta ce, “Ni ba na ƙarya.”

Na dubi silifar. Ita ma ta dubi silifar. Muka bar maganar a nan.

Ta tambaye ni abin da zai ɗaga mutum daga biyu zuwa takwas a kwana biyu. Na ce za a ci gaba da gyara mata takalma. Ta ce can ma ba za a rasa mai gyara ba. Na ce ba mai gyara irina ba. Ta ce wannan gaskiya ne. Muka tsaya. Turaren yana cin hancina.

“Kai nawa ne yau?”

“Goma.”

“Jiya fa?”

“Goma.”

“To, Mai Goma, ka ga ka cika har baki. Ba ka bar ko ɗaya ba. Ni ta ina zan shiga?”

Na buɗe baki. Abin da ya fito atishawa ce, uku a jere. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta rufe ƙofa a hankali. Na sauko. Auta tana bakin ƙofa tana jira. Da ta ji yadda aka yi, ta kawo mini shayi babu sukari, ta tsaya har na shanye.

Lahadi da hantsi bokiti ya sauko. Baƙin takalmi, an yanke shi a fili, ba goge-goge a bango. Na cire, bokiti ya hau, ya sauko da ruwan ƙasa. Sai fari. Sai na mijin. Sai ja mai tsini, an karya masa tsini. Na shida silifa shuɗiya ce, ƙafa biyun duka an raba su da maɗauri. Sannan waya ta yi ƙara.

“Mai Goma, gobe ƙarfe tara mota za ta zo. Ka ga ba ni da na sawa ko ɗaya. Kai ka san aikinka.”

Tun da gaskiya na ce zan faɗa muku, sau goma sha ɗaya na saurara.

Auta ta gane nufinta kafin in gama saurare na farko: in babu takalmi, babu tafiya. Ta durƙusa a gabana ta ce, Baba don Allah kada ka taɓa su, gobe ka ce ba ka gama ba. Surukina ya ce zai iya ɓoye basilla ukun, a ce sun ɓace. Na ce duk wanda ya taɓa basillata zai yi tsallen da ba a koyarwa a waya. Na ce musu abu biyu ban taɓa yi ba tun ina saurayi: ban taɓa barin aikin mutum ya kwana a hannuna ba a gama ba, ban kuma taɓa cewa ban gama ba alhali na gama.

Na zauna na yi aiki. Ban taɓa yin ɗinki mai kyau irin na ranar ba. Tsinin jan na sassaƙa masa sabo daga ƙotar buroshi. Na mijin na sa masa sabon tafi. Kafin rana ta faɗi duk shidan suna jere a ƙarƙashin taga, an goge, suna sheƙi. Auta ta dube su ta shiga ɗaki tana share ido. Surukina ya yi tsallensa na yamma a kan yatsu, ba ƙara.

Ban ja igiya ba. Na ce wa kaina gam bai gama bushewa ba. Gam ɗin ya bushe tun azahar.

Litinin da safe farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Bokiti ya sauko babu komai a ciki, ya tsaya daidai tagata. Iska tana kaɗa shi yana bugun gilashi. Na dube shi. Na kwashe takalman shida na zuba a akwatin aikina, na rufe, na zauna a kai.

Aka ƙwanƙwasa, Auta ta buɗe. Mai Tambaya ce da kanta, da takunkumi da gilashin roba a fuska da takarda a hannu. 'Yar ƙarama ce, muryarta ta fi ta girma. A bayanta, can kan matakala, matar sama tana tsaye da jaka biyu, ba takalmi. Duk ƙofofin hawan a buɗe, kowace da kai a ciki.

“Baba, ina kwana. Inna ta ce takalmanta suna wurinka.”

“Suna nan.”

“Ba ka gama ba ne?”

Auta tana bayan ƙofa tana girgiza mini kai kamar zai cire.

“Na gama tun jiya.”

Yarinyar ta ce to a ba ta, direba yana jira. Ban motsa ba. Ta juya ta tambayi mutane ko akwai mai silifar da Inna za ta taka zuwa mota. Kawunan nan suka koma ciki ɗaya bayan ɗaya. Gida mai hawa huɗu, aka rasa mai takalmi. Surukina ya zame nasa ya zauna a kai, ya dube ni, kamar mun zama ɗaya. Matar sama ta ce ko an kawo ma ita ba ta sa takalmin kowa, tana da ƙyanƙyami.

Sannan ta ce, “'Yar nan, tambaye shi nawa ne yau.”

Na ce yau Litinin ce, ba Talata ba.

“Tambaye shi.”

Yarinyar ta gyara takarda ta tambaya, da muryar nan tata ta waya.

Ban dubi fuskar kowa ba. Ƙafafun matar sama na duba. Na san su tun daga cikin takalmi: ta hagu ta ɗan fi girma, ta dama tana cin gefen waje, babban yatsa yana tura fata. Amma ban taɓa ganinsu babu takalmi ba sai ranar. Dunduniya duk faso. Ƙafafun da suka yi kwana tara a hanya irin wadda na bi, suna tsaye a kan siminti mai sanyi saboda ni.

Na ce, “In akwatin nan ya kwana da abin da ke cikinsa, goma. In ya kwana babu, ɗaya.”

Yarinyar ta dubi takarda ta ce gurbi ɗaya ne, ba wurin lamba biyu. Ta sake dubana. Ta ce, Baba, wannan maganar aure ce?

“Maganar takalmi ce.”

Matar sama ta ajiye jaka ɗaya. Ta ce, “Iyakar abin da zai iya ke nan, 'yar nan. Ni na ji. Ke rubuta yadda ofis zai gane.”

Auta ta yi wani sauti a bayan ƙofa. Surukina ya miƙe zai ɗauko waya, ya tuna abin da yake zaune a kai, ya koma.

Mai Tambaya ta ce ita ba ta da ikon soke mota, sai ta kira babbansu, kuma ba ta san abin da zai ce ba. Mai yiwuwa ya yarda, mai yiwuwa ya ce a kawo ta tukuna a yi maganar daga baya. Direba ya danna ƙaho a ƙasa. Ta sa waya a kunne, ta rufe bakin wayar da hannu, ta ce kafin a ɗauka in taimaka in ba Inna ko silifar ce, ƙasa da sanyi.

Shekara arba'in da shida ban taɓa riƙe wa mutum kayansa ba. Ku rubuta wannan a kaina, na yarda. Amma na san silifa. Wanda ya sa ta, tafiya yake yi. Na jawo tabarmar ƙofa da ƙafa na tura ta wajen matakala, matar sama ta taka. Na gyara zama a kan akwatin.

Yarinyar ta ce, “Baba, silifar kawai.”

“Ba zan bayar ba.”